TSOHUWAR KWAMFUTAR WASA: INA KUƊIN GYARA ZA SU FARA SHIGA?

Duk ɗalibi ko ma'aikacin da ya mallaki kwamfutar wasa tun wajen shekarar 2017 ya san halin da take ciki a yau. Wasan ƙwallon da a da take ɗauka ba wata wahala, sabon fitowarsa yanzu sai ya riƙa sarƙewa, hoto ya tsaya cik a daidai lokacin da za a zura ƙwallo a raga, fanka kuwa tana ta ruri kamar injin niƙa. Abin da yakan fara zuwa a ran mai ita shi ne ya rabu da ita ya sayi sabuwa. To, amma tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar Naira cikin watan Yuni na 2023, kuɗin duk kayan da ake shigowa da su da dala ya ninka, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Saboda haka ga mafi yawan jama'a, hanyar da ta rage ita ce a canja wani sashe a bar saura.

Matsalar ita ce wane sashe. Kwamfuta taron kayayyaki ce da ke aiki tare: akwai firosesa mai yin lissafi, da katin hoto mai zana abin da ake gani, da RAM inda ake ajiye abin da ake aiki da shi nan take, da faifan ajiya, da akwatin wuta, dukkansu kuma a kan babban allo suke haɗuwa. Tafiyarsu irin ta ayari ce, wanda ya fi gajiya shi ke yanke saurin kowa. Mutum yana iya zuba albashin wata biyu a kan katin hoto, ya dawo gida ya tarar wasan bai sake zani ba, domin tun farko firosesa ne ya gaza.

Gano mai laifin ba ya cin ko kwabo. Ana buɗe Task Manager da ke cikin Windows, ko manhajar MSI Afterburner wadda kyauta ce, a bar ta tana auna aikin kowane sashe yayin da ake wasa. Idan katin hoto ya kai kashi 100 cikin 100 firosesa kuwa yana da sauran sarari, to katin ne ya gaji. Idan kuma aka rage kyan hoto har ƙasa amma saurin wasan bai ƙaru ba, laifin na firosesa ne. In RAM ce ta cika, za a ga faifan ajiya yana ta aiki ba hutawa, wasan yana tsayawa yana tafiya.

Kafin ma a je kasuwa, ya kamata a kwance murfin akwatin a duba. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi, kuma man da ake shafawa tsakanin firosesa da abin sanyaya shi yakan bushe bayan 'yan shekaru. Da zarar zafi ya doshi digiri 90 zuwa 100, firosesa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kwamfutoci da yawa da aka yanke wa hukuncin tsufa, shara da sabon mai kawai suke bukata.

Wanda har yanzu yake kan faifai mai juyawa, SSD ne sayen farko. Tsohon faifan da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa yana kai wajen 550. Sai dai a sani, wannan yana gaggauta tashin kwamfuta da buɗewar wasa ne, ba ya ƙara yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa. Batun RAM kuwa, gigabait 8 ta yi kaɗan ga sababbin wasanni, 16 ce daidai, kuma sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 gudu. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. A ƙarshen 2025 kuɗin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi wa masana'antu rubdugu, watau sashen da a da ake ɗauka mafi araha ya zama abin a tsaya a yi lissafi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne babban allo, domin shi ne yake faɗin iyakar gyaran da zai yiwu. Alal misali, a ɗauki kwamfutar da aka haɗa a 2017 da firosesa Ryzen 5 1600 na kamfanin AMD. Mazaunin da wannan firosesa ke zama a kai, mai suna AM4, ya fito ne a 2016, kuma kamfanin ya ci gaba da ƙera sababbin firosesa masu shiga cikinsa shekara da shekaru. A 2020 AMD ta ce jerin Ryzen 5000 ba zai yi aiki a kan tsofaffin alluna ba. Masu saye suka yi ca, ta janye maganar game da alluna irin su B450, sa'an nan a 2022 ta buɗe ƙofa har ga na farko, watau A320 da B350 da X370. Ma'anar wannan ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce, yana iya cire Ryzen 5 1600 ya dasa Ryzen 5 5600 na 2022 a kan allonsa na da, da RAM ɗinsa ta da, ya sami ƙarin gudu mai yawa da kuɗin sashe guda.

Akwai sharaɗi. Lalle ne a sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin allon, tun tsohon firosesa yana ciki, bayan an tabbatar daga kamfanin da ya ƙera allon cewa ya fitar da sabuntawar. Kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki, allon yana iya mutuwa murus. A ƙasar da ɗaukewar wuta ba labari ba ce, ba a fara shi sai an jona kwamfutar da inbata ko UPS mai cikakken caji.

Mai allon Intel na wancan zamani bai yi wannan sa'a ba. Wanda yake da Core i5-6500 ko i5-7500, iyakar hawansa shi ne i7 na ƙarni na 7, domin na ƙarni na 8, ko da yake yawan ƙafafunsu ɗaya, ba sa aiki a kan allonsa. Har wa yau, Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman Intel na ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Don haka sayen tsohon i7 da tsada zuba ruwa ne a rariya; gara a tara kuɗin a canja allo da firosesa gaba ɗaya. Shi kuwa Ryzen 5 5600 ya cika wannan sharaɗi.

Katin hoto shi ne mafi tsada, shi ne kuma inda aka fi cutar mai saye. GTX 1060 na Nvidia, wanda ya fito a 2016, ya yi shekaru yana kan gaba a ƙidayar da dandalin Steam ke yi na katunan 'yan wasa, kuma har yanzu yana ɗaukar GTA V da makamantansa lafiya lau. Amma wasanni irin su Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 suna bukatar kati mai sashe na musamman na lissafin haske, wanda shi ba shi da shi, a nan rage kyan hoto ba ya magani. RX 6600 na AMD, fitowar 2021, yana da wannan sashe, ya kusa ninka GTX 1060 gudu, wutar da yake ci kuwa wat 132 ce, ta wancan 120. Wannan kusanci yana da muhimmanci, domin sau da yawa ba sai an canja akwatin wuta ba.

Galibin masu ƙaramin ƙarfi na hannu za su saya, ko a Computer Village da ke Ikeja ko a shagunan garinsu. Tun da tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙar kuɗi da katin hoto cikin Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankarsu takan gaji. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Mai hankali ba ya biya sai an dasa katin a gabansa, manhajar GPU-Z ta karanta ainihin abin da ke ciki, an kuma yi wasa mai nauyi na kamar rabin sa'a ana duban zafi da ko hoto zai yi ɗige-ɗige.

Wani rukunin ɗalibai kuma tsohuwar kwamfutar ofis suke saye, irin su Dell OptiPlex, su ɗora mata kati. Dabara ce mai kyau in an san iyakarta. Akwatin wutar irin waɗannan ƙarami ne, sau da yawa kuma filoginsa na kamfanin ne kaɗai, ba a musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Ramin da ake soka kati a allo yana ba da wat 75 ne kawai, saboda haka sai katin da ba ya neman ƙarin waya, kamar yawancin GTX 1650, ko RX 6400, ko RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024. In akwatin siriri ne, sai an nemi gajeren kati, kuma a auna faɗin wurin da abin awo kafin a bar gida.