Matasan Matameye: Ana Kiransu Aiki, Ba A Kiransu Shawara

Gundumar Kance, wadda Matameye ce babban garinta, tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 400,000 a ƙananan hukumominta tara, tun daga Dungu da Yawuri har Ɗan Barto da ke bakin iyakar Najeriya. Jama'a ta ci gaba da ƙaruwa, gona kuwa tana nan yadda take. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, duk shawarar da aka yanke kan fadamar rake, ko rumfunan kasuwa, ko filin makaranta, yara da samari ne za su fi daɗewa suna ɗanɗana ta. Su ne kuma ba a cika gani ba a wurin yanke ta.

Ba wai ƙasar Hausa ba ta san tsarin matasa ba ne. Kowane gari yana da sarkin samari, kuma da bakinsa ake kiran gayya. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya ɗauki wannan tsohuwar al'ada ta samariya ya mai da ita ginshiƙin gwamnatinsa. Samari suka gina ajujuwa, suka gyara hanyoyi, suka dasa itatuwa, suka yi gasar wasanni da raye-raye. Dattawa da yawa na tuna zamanin da kewa, kuma suna da hujja, domin an yi aiki. Sai dai umarni daga sama yake saukowa. Samariya ta bugi bulo, amma ba ita ta zaɓi inda za a kafa ginin ba. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso a farkon shekarun 1990, tsarin ya watse.

Gurbin da ya bari fada ce ta cike shi, wato dandalin hirar samari. A Damagaram da garuruwan kewayenta samari suka koma zama a bakin titi, ana dafa shayi, ana sauraren rediyo, ana tattauna farashin hatsi da canjin naira da wanda ya tafi Libiya. Wanda ya raina fada bai zauna cikinta ba. Akwai masu shugaba da ma'aji da asusun taimakon juna, akwai masu share unguwa da gadin dare. Matsalarta ɗaya: maganar da aka yi a can, can take kwana. 'Yan siyasa sun san hanyar fada a lokacin yaƙin neman zaɓe, su kawo sukari da ganyen shayi, sai kuma wani zaɓen.

Abin da wannan rashin saurare yake jawowa, mutanen Kance sun fi kowa saninsa. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, a hanyar Arlit zuwa Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Fiye da 50 yara ne, fiye da 30 mata, kuma akasarinsu daga wannan gunduma suka fito. Daga ƙarshen 2014 aka fara maido da mutane daga Aljeriya ayari-ayari. A 2022 kuma aka kwaso ɗaruruwan mabarata daga Dakar ta Senegal, da yawansu 'yan Kance da Magarya. An yi taruka, an yi wa'azi, an tsaurara bincike a hanya, tafiyar ba ta tsaya ba. Yaran da aka ɗauka bara a 2013 suka tsira, yau samari ne da 'yan mata. Sun san wanda yake haɗa tafiya, sun san bashin da ake ci kafin a tashi, sun san dalilin da uwa za ta ɗauki ɗan maƙwabciyarta ta nufi hamada. Duk shirin hana tafiya biɗa da ba a tsara shi da su ba, lalube ne cikin duhu.

To ina kujerar matasa take a wurin yanke shawara? Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, majalisar magajin gari ce ta riƙa amincewa da kasafin kuɗi da tsarin raya gari, kuma doka ta ba sarakuna wurin zama a cikinta da 'yancin ba da shawara, ko da ba su kaɗa ƙuri'a. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe waɗannan majalisu ta naɗa kantomomi. Ke nan a yau ƙofar takara a rufe take. Wannan ba uzuri ba ne, ƙarin dalili ne: kantoman da ba shi da kansiloli ya fi kowa bukatar kunne a cikin gari. Can tsallaken iyaka, Najeriya ta rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25 a 2018, amma kuɗin takara ya ci gaba da tare talaka. Doka kaɗai ba ta buɗe baki.

Akwai ma kujerar da take nan tuni. Dokar karkara ta 1993 ta haifar da kwamitocin kula da filaye, kuma a matakin ƙauye an tanadi wakilin matasa da wakiliyar mata kusa da mai gari da manoma da makiyaya. A yankin da gādo yake yanka gona gunduwa-gunduwa har ta kasa ciyar da gida ɗaya, babu zaman da ya fi wannan muhimmanci ga saurayi. Amma idan mai gari ne ya nuna wakilin da yatsa, ko wakilin ya haura 50 yana da jikoki, an cika takarda ne kawai.

Za a ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne a fagage da yawa. Amma ɗan kabu-kabu ne ya san abin da rufe iyaka a 2019 da 2023 ya yi wa hanyar Daura, kuma yarinyar da aka cire daga aji shida ita ta san abin da ya cire ta. Ita kuwa ko a fadar ma ba ta da wuri, don haka sai an neme ta da gangan.

Ya kamata hukumomin Matameye da masarautar Kance su bar matasan kowace unguwa da ƙauye su zaɓi wakilansu da kansu, maza da mata, 'yan ƙasa da shekara 35. A karanta musu kasafin kuɗin gari da Hausa a bainar jama'a kafin a sa hannu, a rubuta abin da suka nema, a dawo bayan wata shida a faɗi wanda aka yi da wanda ba a yi ba da dalilinsa. Ku kuma 'yan fada, ku tura mutum biyu su tambayi ranar zaman kwamitin filaye na ƙauyenku, ku halarta.