Cinikin ofshin a waya: ka canki gaskiya, kuɗinka ya tafi

Tun bayan da manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe ƙofa da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, masu tallar arzikin waya suka sauya baki. A da cewa suke yi kawo kuɗinka a juya maka, ya ninka cikin wata guda. Yanzu sun lura mutane sun fara ɗari-ɗari, sai suka koma cewa: "Mu ba ma karɓar kuɗin kowa, koya maka za mu yi ka yi tiredin da hannunka." Cikin hajar da ake baje wa matasa a TikTok da zaurukan Telegram da WhatsApp akwai ofshin, kuma ana ta musu a kansa a majalisu da ofisoshi. Wasu na cewa damfarar MMM ce ta dawo da sabuwar riga. Wasu na cewa sana'a ce kamar kowace sana'a, rashin ilimi ne kawai ke sa a faɗi. Duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Ofshin na gaske ba damfara ba ne, kasuwa ce mai doka da masu sa ido. Amma ɗan koyo yakan rasa kuɗinsa a cikinta ba tare da kowa ya sace masa ko kwabo ba, kuma wannan ne ya kamata a tsaya a fahimta.

Kasuwar a tsarinta na yau ta fara ne a birnin Chicago na Amurka, ranar 26 ga Afrilun 1973, da hannayen jarin kamfanoni 16 kacal. Abin da ake saye a cikinta ba hannun jarin ba ne. Haƙƙi ne na saye ko sayar da hannun jari a wani ƙayyadadden farashi kafin wata ƙayyadaddiyar rana. A Amurka kwantiragi ɗaya yana tsayawa ne a madadin hannayen jari 100. Asalin amfaninsa kariya ce: mai tarin hannayen jari yakan biya ɗan kuɗi ya sayi haƙƙin sayarwa, don ko farashi ya rushe, ya san inda asararsa za ta tsaya.

A ɗauka saura wata biyu babbar Sallah, ka shiga kara ka ga rago na naira 200,000. Ka ce wa mai ragon ga 15,000, ya rubuta maka takarda cewa zai sayar maka da shi a wannan farashi duk ranar da ka zo, daga yau zuwa ranar Arfa. In ka zo, 200,000 za ka biya cif, ba za a cire 15,000 ɗin ba, nan ya sha bamban da kafin alƙalami. In ba ka zo ba, ya ci. Kana kuma iya sayar wa wani takardar kafin ranar. Wannan shi ne ofshin na saye, babu ƙari babu ragi.

To, in ragon ya kai 260,000, takardarka ta zama ta 60,000. Ka zuba 15,000 ka kwashi ninki huɗu, alhali rago bai ko ninka ba. Irin wannan ranar ce ake ɗauka a hoto a watsa a zaure. Amma in ya tsaya a 210,000 fa? Ka ce rago zai yi tsada, kuma ya yi, sai dai takardar da ka saya 15,000 ba ta wuce 10,000 ba. In kuwa manyan motoci suka yi ta sauke dabbobi kasuwa ta cika, farashi ya tsaya inda yake, takardar ta zama abin ƙunshe ƙosai. Wanda ya sayi ragon kansa yana da rago, ko ya yanka ko ya kiwata zuwa baɗi. Kai ba ka da komai.

Nan ne kuskuren da ya fi damuna yake. Masu koyarwa suna nuna wa mutane cewa tambaya ɗaya ce: farashi zai hau ko zai sauka? Sai ɗalibi ya duƙufa yana zana layuka a kan jadawali, yana haddace siffofin kyandirori kore da ja, yana ganin da ya iya hango inda kasuwa ta dosa ya gama. Alhali tambayoyin uku ne, kuma sai ka ci dukansu a lokaci guda: ina farashin zai nufa, nawa zai motsa, kuma yaushe. Ka ci biyu ka faɗi ɗaya, ka faɗi duka. Rago ya kai 300,000 kwana uku bayan Arfa, ba ruwan takardarka.

Lokaci kuma ba ya tare da mai riƙe da takardar. Saura wata biyu, ko ragon bai motsa ba, za ka sami mai sayenta, domin akwai sauran fata. Saura mako guda, fatan ya ragu, farashinta ya ragu. Ranar jajibiri, in rago na nan a 200,000, ba mai tayawa. Wato kowace safiya ka wayi gari wani yanki na kuɗinka ya narke ko da kasuwa ba ta yi ko tari ba, kuma narkewar tana ƙara sauri yayin da ranar ke matsowa.

Sannan mai ragon ba yaro ba ne. Ya fi ka sanin cewa dabbobi na tsada gab da Sallah, kuma ya riga ya sa wannan a lissafin 15,000 ɗin da ya karɓa. In jita-jita ta bazu cewa za a rufe iyaka, ba zai rubuta takardar a ƙasa da 30,000 ba. Haka abin yake a kasuwar hannayen jari. Ɗan koyo ya ji cewa gobe wani babban kamfani zai bayyana ribarsa, ya yi sauri ya sayi ofshin. Kamfanin ya bayyana riba mai kyau, hannun jarin ya ɗan ɗaga, shi kuma ya duba waya ya ga ofshin ɗinsa ya faɗi. Sai ya ce an yi masa maguɗi. Babu maguɗi, ya saya ne a ranar da kowa ke jiran labari, farashi ya kumbura da ɗoki. Da labarin ya fito, ɗokin ya sace.

Akwai wata magana mai daɗin ji da suke yawan maimaitawa, wai a ofshin ba ka taɓa rasa fiye da abin da ka zuba. Ga mai saye gaskiya ne, amma abin da ya zuba ɗin yakan tafi gaba ɗaya, kuma sau da yawa. Wanda ke zuba kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa a kowane ciniki, faɗuwa biyar a jere ta kai shi ƙasa. Ga mai sayar da takardar kuwa, wato wanda ya tsaya a matsayin mai rago alhali ba shi da ragon, maganar ƙarya ce tsagwaronta: ya karɓi 15,000, kuma duk inda farashi ya kai dole ya sayo ya ba da a 200,000. A watan Yunin 2020 wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Amurka ya kashe kansa bayan manhajar Robinhood ta nuna masa kamar ana binsa bashin dala 730,000, alhali lissafin cinikin ne bai kammala ba. Shekara guda bayan haka hukumar FINRA mai sa ido kan dillalai ta ɗora wa kamfanin tara da diyya na kusan dala miliyan 70, kuma cikin laifuffukan har da buɗe wa mutanen da ba su cancanta ba ƙofar cinikin ofshin.

Ya kamata mai waya a hannu ya tambayi kansa wa ke ɗaya gefen cinikin. Galibi manyan kamfanoni ne masu kwamfutocin da ke sabunta farashi cikin ƙiftawar ido, suna aiki da lissafin da ya samo asali daga aikin Fischer Black da Myron Scholes da Robert Merton na 1973. Scholes da Merton sun karɓi kyautar Nobel a kan aikin a 1997. A 1998 kamfanin zuba jari na LTCM, wanda su biyun ke cikin masu shi, ya yi asarar fiye da dala biliyan 4 cikin 'yan watanni, sai da manyan bankuna suka haɗu suka tallabe shi. Waɗanda suka rubuta lissafin ke nan. Ina ga wanda ya yi kwas ɗin mako biyu a Telegram?

Indiya ce ta fi kowa ƙirga gawawwakin wannan kasuwa, domin can ne talakawa suka fi afka mata ta waya. A watan Satumbar 2024 hukumar SEBI mai kula da kasuwar hannayen jarin ƙasar ta fitar da binciken shekara uku a kan ɗaiɗaikun mutane fiye da miliyan 10 masu cinikin ofshin da danginsa. Kashi 93 cikin 100 sun yi asara, kuma jimillar abin da suka rasa ta haura rupi tiriliyan 1.8. Kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai suka ci ribar da ta wuce rupi 100,000 bayan an cire la'ada da haraji. Fiye da kashi 75 na waɗanda suka faɗi shekara biyu a jere sun ci gaba da zubawa. Ribar kuwa ta tafi ga manyan kamfanoni na gida da na waje, kuma kusan dukkanta kwamfuta ce ta ciyo musu. A watan da ya biyo bayan rahoton, SEBI ta ɗaga mafi ƙarancin girman kwantiragi, ta kuma rage yawan waɗanda wa'adinsu ke ƙarewa mako-mako. A Amurka akasin haka aka yi: tun 2022 akwai ofshin na ma'aunin S&P 500 da ke ƙarewa a kowace ranar ciniki, ana saye da safe ya mutu da yamma.

Duk wannan bayani a kan ofshin na gaske ne. Yawancin abin da ake tallata wa matasanmu ma ba shi ba ne, bainari ne: ka zuba kuɗi, ka danna sama ko ƙasa, bayan minti ɗaya ko biyar a gaya maka sakamako. Yi lissafin da kanka. In manhajar na biyan kashi 80 idan ka ci, tana cinye kashi 100 idan ka faɗi, ka buga sau 100 a kan naira 1,000, ka ci 50 ka faɗi 50: ka samu 40,000, ka rasa 50,000. Sai ka riƙa cin 56 cikin kowane 100 kafin ka tsira da uwar kuɗi, a kan motsin minti ɗaya da babu mahaluƙin da ya san inda zai nufa. Shawarar da ake bayarwa a zaure ta "in ka faɗi ka ninka" tana gaggauta jana'izar ne kawai. Tarayyar Turai ta hana sayar wa talakawa bainari a 2018, Birtaniya ta haramta shi dindindin a 2019, Ostireliya ta bi sahu a 2021. Hajar da aka kora daga can ce ke neman masauki a wayoyinmu.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a allon waya. Kasuwar New York na buɗewa da ƙarfe 2:30 ko 3:30 na rana agogon Najeriya da Nijar, gwargwadon lokacin shekara, ta rufe da 9 ko 10 na dare. Wato daga gab da La'asar har bayan Isha'i, daidai lokacin da magidanci ke komawa gida. Ga shi nan zaune a tabarma, tuwo na hucewa, yaro na miƙo littafin aikin gida, shi kuwa babban yatsa na kan allo yana jan shi ƙasa. An sallame sallah, hannu ya riga tasbihi kaiwa aljihu. In ya ci, gobe akwai tsire. In ya faɗi, ba ya faɗa wa kowa, sai dai uwargida ta ga kuɗin cefane ya ragu, an ce a ɗan jinkirta zubin adashe. Kunyar faɗa ce ke sa a ciyo bashi don a maido da abin da ya tafi, daga nan kuma rami ya zurfafa.

Masu tambayar hukuncin addini, ba sabuwar mas'ala ba ce. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta duba ta a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa ofshin yadda ake cinikinsa a kasuwannin duniya bai halatta ba, saboda abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfani ba ne da shari'a ta yarda a karɓi kuɗi a kansa. Masu tallar da ke buɗe bidiyonsu da sallama da addu'a ba su cika kawo wannan ba.

Hukumominmu sun ɗan motsa. Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu shirya damfara irin ta MMM, kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jarin Najeriya kan fitar da gargaɗi game da dandalin da ba su da rajista. Sai dai gargaɗin yakan fito da Turanci a shafin intanet, talla kuwa na zuwa da Hausa mai daɗi har cikin ɗaki. A Turai an tilasta wa dillalan irin waɗannan cinikayya masu haɗari su rubuta a jikin tallarsu kashi nawa na abokan cinikinsu ke asara. Ba abin da zai hana a yi haka a nan, a kuma karanta shi a rediyo da harshen da mutane ke ji.

Kafin a kai ga haka, mai sha'awar koyo yana da 'yan tambayoyin da ba sa cin ko sisi. Dandalin nan wace hukuma ce ta yi masa rajista, a wace ƙasa? Malamin nan, ina takardar asusunsa ta shekara guda cur, da ranakun ci da na faɗuwa, ba hoton rana ɗaya ba? Kuma nawa dillali ke biyansa a kan kowane ɗalibi da ya yi rajista ta hanyarsa? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, kuɗin kwas ɗinka da la'adar shigo da kai su ne kasuwancinsa.