Tsoho ya kwanta ciwo: wa zai biya?

Zancenmu na yau a kan kuɗin maganin tsofaffi ne. Hawan jini, ciwon sukari, yanar ido, gwaiwa da tsayawar fitsari, duk sun fi kama masu shekaru. Wasunsu kuma magani suke so har ƙarshen rai.

Abin da gwamnati ta ɗauka

Tun dokar 1995, maras lafiya a Nijar yana biyan wani abu a likita. A 2005 da 2006 gwamnati ta yafe kuɗin aikin fid da jariri, da awon ciki, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Tsofaffi ba su shiga wannan jeri ba. A 2024 an rage farashin aiki a asibitocin gwamnati. Wannan sauƙi ne, amma ragi daban, kyauta daban.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Senegal ta soma kyautar magani ga masu shekara 60 a 2006. A Gana, mai shekara 70 ba ya zuba kuɗin inshorar lafiya ta ƙasa.

Abin da ya rage a wuyan gida

In ciwo ya fi ƙarfin likitar gari, sai a tura tsoho asibitin Gaya. In ya faskara, sai Doso, tafiyar kilomita wajen 150, ko Yamai. Ga kuɗin mota, ga magani a farmasi, ga abincin mai jinya. Nan ne ake sayar da buhun shinkafa da arha, ko rake tun yana gona, ko san noma.

Asusun lafiya na taimakon juna

Akwai kamfanonin inshora, amma galibi masu albashi suke yi wa aiki, kuma da tsada. Abin da ya fi dacewa da manomi shi ne asusun taimakon juna, wanda ake kira mutuwel. Dokar 2008 ta ba da damar kafa shi.

Ga misali. Mutum 100 sun yarda kowa ya zuba dala 100 a wata. Wata ɗaya an tara jika 50, shekara jika 600. Ba duka ne za su kwanta ciwo lokaci guda ba. Wanda ya kwanta, sai asusu ya biya babban kaso, shi ya cika sauran.

Ku lura: wannan ba adashi ba ne. In shekara ta ƙare ba ka yi ciwo ba, kuɗinka ba su dawowa, sun yi wa maƙwabcinka magani. Kuma in tsofaffi kaɗai suka shiga, asusu zai ƙare da wuri. Sai gida duka ya shiga, matasa da yara, mai lafiya ya ɗauki maras lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin ku zuba ko dala, ku tambaya:

1. Ana karɓar mai shekara nawa?
2. Wata nawa za a jira kafin asusu ya fara biya?
3. Kashi nawa cikin ɗari yake biya?
4. Yana biyan maganin hawan jini da sukari na kowane wata? Aikin ido fa? Motar asibiti fa?
5. Da wace likita aka ƙulla yarjejeniya a rubuce?
6. Wa ke riƙe da kuɗi, kuma yaushe ake karanta lissafi gaban jama'a?

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, aikinku ne. Ku karanta wa iyayenku takarda kafin su dangwala hannu. Ku karɓi rasit, ku adana kati. Lokacin kaka, da amfani a hannu, ya fi sauƙin biyan na shekara gaba ɗaya. Ku kai zancen taron ƙungiyar manoma, ku nemi shawarar shugaban likitarku.

Allah ya ba iyayenmu lafiya.