Matar da ta sa wa Girkawa kayan Indiya

A gefen birnin Paris akwai tsohuwar ma'aikatar harsashi da ake kira Cartoucherie. Nan Ariane Mnouchkine ta yada zango da ƙungiyarta ta wasan kwaikwayo, Théâtre du Soleil, tun 1970. A 1981 ta shirya Richard II na Shakespeare da salon kabuki na Japan. Daga 1990 zuwa 1992 kuma ta haɗa tsoffin wasannin Girkawa huɗu ƙarƙashin sunan Les Atrides, 'yan amshi suna taka rawa, fuskokinsu sun sha kwalliya irin ta kathakali na kudancin Indiya.

Aron nan yana da aikin yi. Bafaranshe ya san labarin gidan Agamemnon tun yana makaranta, har ya daina taɓa masa zuciya, sai baƙuwar shiga da kiɗan ganga suka sa ya sake buɗe ido. Da idon ya buɗe, ga abin da Mnouchkine ta nuna masa. A wasanni ukun Aeschylus da ke cikin huɗun, Clytemnestra matar Agamemnon tana bayyana ne tana dakon mijinta ya dawo daga yaƙin Troy ta kashe shi. Mnouchkine ta fara da wasan Euripides, inda Agamemnon ya aika wa matarsa ta kawo 'yarsu Iphigenia wai za a aurar da ita ga Achilles, ashe yanka ta za a yi domin iska ta kaɗa jiragen yaƙi su tashi. Duk wanda ya ga uwar ta iso da ɗokin biki, da wuya ya kira ta muguwa kawai ranar da ta rama.

Masu suka kan ce wannan cin gonar wani ne, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Ɗan wasan kathakali tun yana yaro ake horar da idanunsa da yatsunsa, kowane motsi da ma'anarsa, ga Turawa sun yafa kamannin a 'yan watanni. Masanin Indiya Rustom Bharucha ya caccaki darakta Peter Brook a kan wasansa na Mahabharata na 1985 da irin wannan zargi. Sai dai Brook labari mai tsarki na wasu ya ɗauka ya yi masa aski, Mnouchkine kuwa gadon Turai ta girgiza, kuma ba ta ce kathakali take yi ba. Ba ɗauka kawai ta yi ba: a 2005 ta je Kabul ta horar da matasa, daga nan ƙungiyar Aftaab ta samu. Abin da wannan bai warware ba shi ne rinjayen kuɗi: ita gwamnatin Faransa ke tallafa mata, malamin kathakali na Kerala ta Indiya kuwa sai an gayyace shi kafin ya taka dandalin Paris.