YADDA AKE RAGE NAUYIN AWON ƘASA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi bayani a kan wata hanyar zana taswira da ake kira laida, da wahalar da ke tattare da ita.

Jirgin sama ne ke bi ta bisa ƙasa yana harba hasken leza. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka in an auna lokacin zuwansa da dawowarsa, an san nisan wurin da ya taɓa. Kowane wuri sai a rubuta shi a kwamfuta, ɗigo ɗaya, da matsayinsa da tudunsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. A tsarin ajiya na LAS, wanda ya fito a 2003, ɗigo ɗaya yakan ci aƙalla bayit 20. In aka sami ɗigo 8 a kowace murabba'in mita, murabba'in kilomita guda zai ci megabayit 160. Ina ga dukkan ƙasar Daura? Yaushe intanet ɗinmu zai ɗauko wannan kaya?

Dabara ta farko kamar danne auduga ce a buhu: kaya ya ƙanƙance, ba a zubar da komai ba. Wani Bajamushe, Martin Isenburg, ya ƙirƙiro tsarin LAZ. Tun da yake ɗigo yakan yi kama da maƙwabcinsa, sai a rubuta ɗan bambancin da ke tsakaninsu kawai. Nauyin yakan koma ƙasa da rubu'i, kuma in an kwance, komai ya dawo daidai.

Dabara ta biyu kamar shiƙa ce: a zubar da waɗansu ɗigogi inda ƙasa take shimfiɗe. Amma abin da aka zubar ya tafi ke nan.

A ganina nan ne ya kamata mu lura. Ƙasarmu ta Babban Mutum shimfiɗaɗɗiya ce, ɗan gangaren da ido bai gani shi ke nuna wa ruwan Agusta gidan da zai shiga. In an shiƙe wannan gangare, taswira za ta ce fili lafiya lau, a yi gini a kan hanyar ruwa. Don haka a danne asalin awo a adana, kwafi kaɗai za a shiƙe.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.