Rigar Sanyin Yara da Kaskon Wuta: Iyaye Mata A Yi Hattara

Da hunturu ya kankama, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Jabo, har ƙauyukan Kebbe, da wuya ka shiga ɗakin da babu kaskon garwashi. Abin takaici, sai mai jego ta wanke rigar sanyin jariri da tafasasshen ruwa, ta rataye ta dab da kasko wai ta bushe kafin asuba, ta ja ƙofa ta kwanta. Wata ma a kan murhu take karkaɗa ta. Haba jama'a, wannan ganganci har ina?

Yawancin zaren da ake saƙa rigunan nan da huluna da safa ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, roba ce da ake samu daga man fetur, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayarwa a 1950. A masana'antu da dama narkar da ita ake yi cikin sinadari, a matso ta ta ƙananan huda kamar taliyar murji, ta faɗa cikin kwamin ruwa ta daskare. Idan ruwan ya yi ɗumi da yawa, ko sinadarin da aka gauraya masa ya yi kaɗan, bayan zaren ne ke saurin daskarewa, cikinsa ya cika da ramuka, ya fito ba ƙwari. Idan aka bar shi ya daskare a hankali cikin ruwa mai sanyi, sai ya fito a cure.

Mai kyau ne ko maras kyau, zafi abokin gabarsa ne. Ruwan zafi yana sa rigar ta saki, ta bar siffarta. Wuta kuwa nan take take kama ta, ta narke ta manne a fata, ga baƙin hayaƙi mai guba a rufaffen ɗaki.

Don Allah a riƙa wanki da rana, da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, a shimfiɗa a inuwa. Kada dutsen guga na gawayi ya taɓa rigar. A fitar da kasko waje kafin a kwanta. In tsautsayi ya auku, a zuba wa ƙunar ruwan sanyi na minti 20, kada a ɓamɓare abin da ya manne, kada a shafa ƙwai ko man goge baki, a garzaya asibiti. Rigakafi dai ya fi magani.