Sanyin Yatsu a Ƙasar Zafi

A unguwar Rusaifa ta birnin Makka, inda Hausawa suka daɗe da zama, zafin bazara yakan wuce digiri 40. Amma akawun da ya wuni gaban kwamfuta cikin ɗaki mai na'urar sanyaya iska yakan ji yatsunsa sun sandare. Ya nufi wannan harafi, ya buga wancan, har ya soma zargin na'urar.

Laifin kuwa ba nata ba ne. Jikin ɗan Adam yana tsare zafinsa wajen digiri 37. Da fata ta ji sanyi, sai ƙananan hanyoyin jini na hannu su tsuke, domin a tattala ɗumi saboda zuciya da ƙwaƙwalwa. Yatsu in sun huce, jijiyoyinsu sai su yi nawa wajen kai saƙo. In sanyin ya tsananta, sai makyarkyata ta zo, watau tsoka tana motsi don ta haifar da zafi.

Bayan kwanaki jiki yakan saba, makyarkyata ta ragu. Kafin nan, dabarar ita ce ta mutanen Kano da hunturu: a tashi a zagaya, a murza hannuwa, jini ya komo.